Kafar da Korau Ya Toshe

Ku matso, ku rage murya.

A kan dutsen da ke bayan tsohuwar fadar garinmu akwai wani ɗan ɗaki da aka gina a kan marmaro. A cikinsa ruwa ke taruwa a kwami, ya bi bututun yumɓu ta ƙarƙashin ƙasa har cikin fada. Zamanin yaƙi, in an rufe ƙofofin gari, da shi mutane ke rayuwa. Daga baya rufin ya rufta, aka manta da shi.

Shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, dattawa suka ba Korau magini aikin gyara. Mutum ne da ba ya son ganin aibi a aikinsa. Da ya ga wata 'yar kafa a gindin kwamin tana zubar da ruwa cikin ƙasa, sai ya cika ta da siminti.

Washegari da tsakar rana ya hau shi kaɗai. Ba tsuntsu, ba iska. Marmaron ya yi shiru.

Sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, magini."

"Yauwa, Iya."

Bakinta ne ke motsi, amma muryar daga cikin bututu take fitowa.

"Wa ya toshe mana?"

"Yoyo ne, Iya."

"Yoyo? Waɗanda suka gina ɗakin nan sun fi ka iya liƙi. Rabonmu ne suka bari. Yarana na ƙasa, tun jiya ba su sha ba." Ta dubi gari. "In ba su sha ba, naku ma ba za su sha ba."

Korau ya durƙusa da guduma da ƙusa. Simintin ya kama. Yana duka, sai ya ji ana kankara daga ɗaya gefen. Ƙananan farata, da yawa.

Kafar ta buɗe. Marmaron ya ɓalle. Can ƙasa Korau ya ji ana sha, ana haki.

Wasu 'yan yatsu suka fito daga kafar suka riƙe masa hannu, suka sake shi.

Ruwa ya isa fada kafin la'asar. Amma hannun nan bai ƙara ɗumi ba har ya rasu. Ni na gaisa da shi, ina yaro.

Don haka in an aike ku ɗiban ruwa can, ku tafi ku biyu, ku yi sallama. Abin da kuka ga yana zuba, ku bar shi ya zuba.