Kabarin da Ke Kan Tudun Pruitt

Da hantsi Sufeto Delfina Archuleta ta hau tudun da kamfanin waya zai kafa ƙarfen sabis. Dakta Loretta Naranjo, mai binciken kayan tarihi, tana tsaye bakin wani rami, ranta a ɓace.

"Jiya na tarar da kabari a nan, ƙasusuwa da tukunya guda," in ji Loretta. "Na rufe, na sanar da dattawan ƙauyenmu. Doka ta ce ba a kafa ko ƙusa sai mun gama bincike. Dubi abin da na tarar yau. Kakannina ne, Sufeto, ba shara ba."

An kwashe ramin tas. Delfina ta tsuguna ta duba sawu. Tayar roba ce mai manyan haƙora.

Ta sami Kessler, shugaban ma'aikatan kamfanin, jingine da katafila.

"Ba a gaya mini akwai kabari ba," ya ce.

"Ƙarya kake. Dakta ta kira ka jiya."

Ya sosa ƙeya. "To, ta kira. Amma dubi motata, kan sarƙar ƙarfe take tafiya. Mu in an ce nan bai yi ba, sai mu koma wata gunduma."

A ƙofar shingen da ya kewaye tudun, kwaɗon lafiya lau yake, ba a fasa ba. Makulli biyu ne, ɗaya wajen Loretta, ɗaya wajen mai filin.

Mai filin, Orval Pruitt, tsoho makiyayi, yana zuba wa shanu harawa lokacin da ta isa gidansa.

"Baba Orval, ka hau tudu jiya?"

"Rabona da can tun bazara. Gwiwa ba ta bari."

"Tarakta fa?"

"Ta mutu tuni."

Delfina ta zagaya bayan rumfa. Tarakta na tsaye tana sheƙi, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta jiƙe sharkaf.

"Shanunka ƙishirwa na kashe su, kai kuma matacciyar tarakta kake wa wanka?" Ta sa yatsa tsakanin haƙoran cokalin haƙa da ke gaban taraktar, ta zaro guntun tukunya mai baƙin zane. "Ina ƙasusuwan?"

Fuskar tsohon ta yi ja. Ya yi jifa da cokalin harawa.

"Kin san inda matata Marlene ta faɗi? Can, bakin famfo. Zuciyarta ta buga, na ɗaga waya sama ina zagaya gidan nan kamar mahaukaci, babu sabis. Kafin in kai titi ta cika a kujerar mota. Yanzu an zo kafa ƙarfen, sai a ce a fasa saboda wanda ya mutu tun kafin a san Amurka?"

"Na je jana'izarta, Baba. Da wani ya sa tarakta a kabarinta, da bindiga za ka tare shi."

Ya nuna ɗakin ajiya da haɓa.

"Suna cikin buhun dusa. Na je zan zuba a kwazazzabo, hannuna ya ƙi."

Delfina ta kira Loretta ta rediyon mota, ta ce ta taho da dattawa da bargo mai tsabta. Sannan ta ciro ankwa.

"Wa zai ba shanun ruwa?" Orval ya tambaya.

"Zan gaya wa maƙwabcinka."

"Sai dai ki taka ki same shi," ya ce, yana miƙa hannuwa. "Waya ba ta shiga."