Suna Ɗaya Kafin Azahar

Ranar Laraba ce, ranar kasuwar shanu, amma Bubayaro bai leƙa kara ba. Da la'asar Kellu ta same shi a zauren gidan mahaifinta, sanda a kafaɗa kamar mai shirin fita kiwo, alhali shekara uku ke nan da iyayensa suka zauna a gari. Saura kwana goma sha tara a ɗaura musu aure.

Ya ce sojoji za su shiga dajin can gaba da Fika, suna neman wanda ya san burtali da mashaya ya nuna musu hanya. Kwana uku ne kacal, in ji shi, yana murmushin nan na dillalin da ke tallar ramammiyar saniya.

"Kai soja ne?"

"Jagora kawai, Kelluna."

"Za su ba ka bindiga?"

"Ga sandata."

"Wa ya ba su sunanka?"

Sai ya duƙa yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi.

Ranta ya ɓaci. Ta ce ya je, tunda daji ya fi ta a wurinsa, ta shige gida ko a dawo lafiya ba ta ce masa ba. Ita a ganinta fushin masoya ne, na kwana uku. Ina ma ta sani.

Kwana uku suka zama bakwai, bakwai suka zama ashirin. Ranar ɗaurin aure ta zo ta wuce kamar kowace rana. Ya Kaka, kakarta, wadda ba ta gajiya da kiranta amaryar Fillo, ta yi shiru da tsokanar, ta kwashe turaren wuta da humrar da ta haɗa ta tura ƙarƙashin gado.

Da aka ji sojojin sun dawo, mahaifinta Muhammadu Lawan, mai unguwa, ya sa babbar riga ya nufi bariki. Yana cikin dattawan da ake kira taro duk wata, ana cewa su ne idon gari a kan masu kaki. Yayanta Kaumi ya raka shi, don shi da Bubayaro tare suka yi shekaru suna bin rugage sayen shanu. A bakin Kaumi ta ji yadda aka yi.

Awa huɗu aka bar idon garin a rana, a bakin ƙofa. Daga baya wani hafsa ya fito da takarda. An yi musu kwanton ɓauna, sun rasa mutum biyu, ga sunayensu, an sanar da iyalansu. Sunan Bubayaro kuwa babu, ba cikin matattu ba, ba cikin rayayyu ba. Farar hula ne, in ji hafsan, ba shi da lamba. Suna juyawa wani soja ya biyo su da sauri, ya miƙa wa Kaumi sandar. Ya ce mai ita ne ya kai su ruwa ranar da ƙishirwa ta kusa gamawa da su, amma da harbi ya tashi bai sake ganinsa ba.

Ba gawa balle a yi sallah, ba aure balle ta yi takaba. Mata ma da suka zo sun rasa me za su ce mata, gaisuwa ko jaje. Kellu ta yi kuka har ta gaji, son nan kuwa ko kaɗan bai ragu ba.

Wata safiya da hantsi ta ɗauki sandar ta shiga ɗakin mahaifinta, ta durƙusa. Sai a ranar ta lura da yadda rigarsa ta yi masa yawa.

"Baba, wa ya ba su sunansa?"

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce an kira shi bariki ne aka ce ana son suna ɗaya kafin azahar. Ya roƙi a bar shi ya shawarci dattawa, aka ce ba shawara aka kira shi ba.

"Mutum biyu suka san dajin nan a unguwarmu, Kellu. Shi... da Kaumi."

"Bubayaro ya sani?"

"Ya sani. Shi ya roƙe ni kada in gaya miki."

Hawaye suka zubo mata. "Da ni ka tambaya, Baba..."

"To ga shi na tambaye ki, 'yata. Wa za ki ce?"

Daga tsakar gida tana jin muryar Kaumi, yana lallashin jaririyarsa da waƙar da bai iya ba. Ta dubi sandar, daidai inda hannun Bubayaro ya goge ta har tana sheƙi.

Mahaifinta bai ɗauke ido daga kanta ba. Amsa yake jira da gaske, don wata guda ke nan yana neman wanda zai ce masa ya yi daidai. Har aka kira azahar tana durƙushe a gabansa.