Akwai Wani a Cikin Kwamfutar

Ana gab da magariba Yaya ya aike ni shagon mai gyara da ke bakin titinmu in karɓo masa filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta. Sabuwar babbar manhaja ce a ciki, wadda zai ɗora wa kwamfutar gidanmu, don tsohuwar ta fara jan ƙafa. Na tarar da mai gyaran yana rufe shago. Ya miƙo min, ya ce in gaya wa gwanin namu idan tambaya ta fito ya zaɓi a bar kayan ciki, kada rawar kai ta sa shi share komai. Na ce to.

Kwamfutar ba sabuwa ba ce, a hannun wani Baba ya sayo ta kafin a tura shi aiki nesa. In an kunna ta gurbin shiga biyu ke fitowa: namu, da wani marar suna marar hoto, wanda ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Mun saba da shi kamar tabon bango.

Mama ta fita dubiya, mu biyu ne a gida. Na isar da saƙon. Yaya ya ce mai gyara ya riƙe iliminsa, shi tas yake son ta kamar yau aka ɓare ta daga leda. Ya jawo min kujera, wai Malama Shiru ta zauna ta koyi abu.

Ya soka filas, ya zaɓi share komai. Sai wani rubutu ya fito. Ya karanta min yana dariya: wai akwai wani da ke amfani da kwamfutar nan yanzu haka, in an ci gaba zai rasa abin da yake da shi.

"Yaya, wane ne?" na ce ƙasa-ƙasa.

"Mijinki ne. Ce masa ya kwashe kayansa."

Ya danna.

Allon ya koma shuɗi. Wani siririn layi ya fara cika daga hagu, a ƙasansa an rubuta kada a kashe kwamfuta. Fankar ciki ta ɗauki gurnani. Ɗakin ya yi zafi. Wani ƙauri ya taso, irin na gashi in ya taɓa wuta.

Sai na ji numfashi. Ba nawa ba, ba na Yaya ba. Daga lasifika yake fitowa, a hankali, kamar na wanda aka tasa daga barci.

Yaya ya daina dariya. Ya so ɗauke hannunsa daga kan kibod, hannun ya ƙi. Ina kallo ɗan yatsansa ya miƙe, ya lanƙwaso ta baya. Ya yi ƙara kamar an karya busasshen kara.

Layin ya matsa.

Wani abu ya kama ƙeyarsa ya buga fuskarsa da tebur. Ya ɗago shi, ya sake bugawa. Jini ya cika tsakanin maɓallai. Ban ga kowa ba, sai gashin Yaya da ya lotsa da sawun yatsu dogaye.

Na tsaya kamar an dasa ni. Na fara addu'a, ta harɗe a bakina.

Duk matsawar layin sai an buga shi. Ya kira sunana, ya ce in gudu. Aka buga. Ya sake buɗe baki zai kira ni, sai ya tsaya a rabin sunan, yana kallona kamar yana laluben sauran.

A nan na gane. Yadda yake share na ciki, haka na ciki yake share shi.

An ce kada a kashe. Ni kuwa a rayuwata ban taɓa yin abin da aka ce kada a yi ba. Na rarrafa ƙarƙashin tebur na fizge wayar daga soket.

Allon bai mutu ba.

Numfashin ya dawo bayan kunnena.

"Bari a gama," aka raɗa min.

Dutsen guga na kan kabad. Na ɗauko shi na maka wa akwatin kwamfutar. Wani mari ya ɗauke ni sama, na bugu da ƙofa, haƙorina ya faɗo kan harshena. Na tofar. Na tashi. Na sake makawa. Aka ja gashina ta baya har na ji fatar kaina tana ɗagowa. Ban saki ba. Na yi ta duka ina kuka, ƙarfe yana lotsawa, har wani abu ya fashe a ciki, hayaƙi ya fito.

Layin ya tsaya a tsakiya. Allon ya yi baƙi.

Yaya ya sulale ƙasa. Yana numfashi.

A asibiti an ce wutar lantarki ce ta ja shi, Mama kuma ta ce haka za mu riƙa faɗa, kada ta ƙara jin wata magana. An ɗaure yatsansa, an ɗinke goshinsa. Ya warke. Ya san Mama, ya gane muryar Baba a waya, ya san abokansa da duk wanda ya taɓa cin sa a ƙwallo.

Jiya na kai masa ruwa ɗakinsa. Ya miƙe zaune, ya karɓa da hannu biyu, ya yi min godiya da ladabi. Ina fita na ji yana tambayar Mama a hankali, wai baƙuwar yarinyar nan 'yar gidan wa ce, kuma yaushe za a zo a ɗauke ta.