Matar da Ke Katse Dattijo

Mai gyaran sauti ya wuni yana juye wani tsohon kaset zuwa kwamfuta. A ciki wani dattijo ke ba da tarihin ƙabilarsu da ta kusa ƙarewa, wata mata a bayansa sai katse shi take yi. Ya bi muryarta ya goge tas.

Bayan magariba ya waiwaya, sai ga tsohuwa zaune kan kwalin kaset, kwalin ko lotsawa bai yi ba.

"Ɗan nan, rabin zancen maigidana shaci-faɗi ne. Ni ke gyara masa."

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka hayaniya ce, Iya."

"Hayaniya," ta maimaita a hankali. A ƙarƙashin muryarta yana jin zaren kaset na juyawa.