Katin Da Ya Faɗo Daga Piyano

Ranar da Jonah ya je gyaran piyano a wata makaranta a Gwarinpa, ya tarar da aji a hargitse. Yara na leƙa ƙarƙashin benci, wasu na ɗaga labule, malamarsu Serah kuwa sai kai da komo take tana duba agogo. Katuna ta ɓoye masu ɗauke da sautuka, do, mi, so da sauransu. Duk rukunin da ya haɗa uku masu dacewa da juna, ya rera su tare, ya faɗi wanne ne tushe, shi ya ci.

Yana ɗaga murfin piyanon, kati ya faɗo. Ya karanta, ya matso ya raɗa mata cewa rukunin can ba za su taɓa gamawa ba, don sautin fa ta rubuta a wurin mi. Ta waiwaya da sauri. Shugabar makaranta na zaune a baya, kuma a ranar za ta yanke ko a soke darasin kiɗa. Jonah ya zaro biro ya gyara, ya mayar da katin maɓoyarsa kamar ba shi ba. Yara suka same shi, suka rera daidai, darasi ya tsira.

Da yamma saƙonsa ya shigo, ashe ya karɓi lambarta a ofishin makaranta: "Malamata, na ga kuskure na biyu. Kin tafi ba ki bar ni na tambayi sunanki ba."

Wata shida suna tare kafin maganar ta isa Karshi, garin su Serah. Mahaifinta, Baba Zacharias, ya ce bai ba 'yarsa ilimi don ta auri makaɗi ba. Sai kuma Jonah ya rage kira, duk Lahadi wayarsa a kashe. Serah ta kasa zama wuri ɗaya, ta rubuta saƙo ta goge, har dai ta tura: "In ka haƙura da ni ne, ka faɗa min kawai."

Amsar ta zo a gajarce: "Abar ƙaunata, ki je gida Lahadi."

Ta je da fushinta. Tun daga ƙofar coci ta hango shi yana koya wa mawaƙa haɗa murya huɗu, mahaifinta na cikinsu riƙe da takarda. Ashe Lahadi biyar ke nan yana zuwa daga gidansa da ke Lugbe.

Bayan an tashi, Baba ya kira ta gefe.

"Shekara ashirin ina waƙa a nan, ba wanda ya taɓa gaya min ina kauce wa sautin waƙa sai yaron nan, kuma cikin ladabi. Ki ce ya turo manyansa."

A cocin aka ɗaura auren cikin Disamba. Baba ya dafa kawunansu, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Serah ta ce amin tana kuka, hannunta cikin na Jonah.