Famfunan Shetimari

Insifekta Ɗalha bai gama zama a kujerarsa ba a komisariyar 'yan sanda ta Diffa sai ga wani dattijo, laka har gwiwa. Baba Fannami ne, shugaban manoman tattasai na Shetimari.

"Ranka ya daɗe, an kashe mana famfuna. Tattasai na fure, ga kogin Komadugu cike, ruwa ya ƙi hawowa."

"Wa ya kashe su?"

"Karima, injiniyar ƙungiyarmu. Daga ofishinta ta turo wani abu ta iska, washegari famfuna suka mutu."

Ɗalha ya sha ganin satar shanu da fasa shago, amma bai taɓa jin kisa ta iska ba. Ya ɗauki hularsa.

Ya iske Karima cikin wayoyi, idanunta jajur. Ta nuna masa wani ƙaramin akwati.

"Kowane famfon sola yana da irin wannan. Kwamfuta ce ƙarama a ciki. Na sabunta zuciyar manhajarta, wadda ke magana da ƙarafan. Duk famfunan kwarin nan sun karɓa lafiya, sai wasu a Shetimari."

"Wannan ɗin fa?"

"Daga can aka ciro shi. Da tsohuwar manhaja yana tashi, da sabuwa ya sandare."

"To me ya bambanta su?"

"Gyare-gyare dubbai, Insifekta. Nakan raba su biyu in gwada. Rabin da ya kashe akwatin, in sake raba shi."

Ɗalha ya jawo benci ya zauna. Haka shi ma yake tace waɗanda ake zargi. Ya zuba ido tana gwadawa, fitilar akwatin ta kama, ta mutu, ta kama, har bayan la'asar.

Can ta daki tebur. "Ga shi! Masu rubuta manhajar sun rage lokacin da ake jiran guntun agogon da ke cikin akwatin ya farka. Sabon guntu nan take yake tashi, tsoho kuwa nawa gare shi." Ta dubi akwatin. "Amma an daɗe da daina ƙera tsohon, shi ya sa ba wanda ya gwada. Mu ba mu taɓa sayen irinsa ba."

"Buɗe mu gani."

Ta kwance murfin. Allon lantarkin da ke ciki tsoho ne, gefensa duk tsatsa.

"Wa ke da makullin akwatunan?" in ji Ɗalha.

"Awalu, mai gyaranmu."

Da safe shi da Karima suka isa gonakin. Ganyen tattasai ya yi laushi, furen na zuba. Awalu na tsaye cikin manoma, yana ta jajanta musu.

"Ka taɓa buɗe akwatunan nan?"

"Wallahi tun da aka kafa su ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Goge farantin sola kawai nake."

Ɗalha ya ji ƙarar ruwa can gefe. Ya bi ta, ya tarar da famfo na aiki a gonar wata mata, Kaltumi. Akwatinta ba eriya a kansa, ba kamar na famfunan da suka mutu ba.

"Baba Fannami, ina eriyar?"

"Awalu ya cire makon jiya. Ya ce tana jawo tsawa."

Ɗalha ya ɗaga kai. Sama fes, damina ta wuce da daɗewa.

"Malama Karima, in ba eriya, sabuwar manhaja za ta shiga?"

"Ba ta da hanya."

"Awalu ya san za ki turo ta?"

"Na gaya masa tun makon jiya."

Aka buɗe akwatin Kaltumi a gaban kowa. Tsohon allo ne, mai tsatsa.

Ɗalha ya juya. "Tsawa da rani, Awalu?"

Ido ya koma kan Awalu. Sai ya durƙusa bakin kwalbati.

"Na sayar da sababbin allunan a ƙetaren kogi, na sa tsofaffi da na samo a kasuwa. Suna aiki daidai, ba wanda ya lura. Da na ji za a canza manhaja, tsoro ya kama ni, na fara cire eriya. Ban gama ba ta turo."

"Ka kuma bari a zagi wannan baiwar Allah."

 Ɗan sandan da ya rako Ɗalha ya sa wa Awalu ankwa ya nufi mota da shi.

Karima ba ta ko kalle shi ba. Ta haɗa kwamfutarta da akwatin Baba Fannami, ta ƙara wa tsohon guntun lokacin jira. Fitila ta kama. Bututu ya yi tari, sai ruwa ya ɓalle cikin kunyoyi.

"'Yata, ki yafe mini," in ji dattijon.

"Ba komai, Baba. Riƙe mini wayar nan, da sauran gonaki a gabanmu."