Wayar da Aka Yanke a Bayan Firij

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis cewa wutar lantarki ta kashe yarinya a gidan wata mai sayar da ƙanƙara. Sufeto ya ɗauki hularsa ya tafi.

Ya tarar an wuce da gawar asibiti. A ɗakin girki akwai bokiti a kife, da tsumman goge ƙasa, da ƙananan silifas a jere a bakin ƙofa. Firij na tsaye a lungu. Uwar yarinyar na zaune a ƙasa, idonta a bushe.

"Baiwar Allah, ke ce mahaifiyarta?"

"Ni ce. Auta muke ce mata. Na ce ta goge ɗakin kafin ta tafi makaranta. Ta dafa firij za ta miƙe, shi ke nan."

Mijinta, direban babbar mota, ya shigo yana huci. "Yallaɓai, sakacinta ne. Kullum sai ta sa an jiƙa wurin nan. Dangina sun yanke magana, ana share makoki za ta bar gidan nan."

"Jiƙaƙƙen ɗaki ba ya kisa idan firij lafiyarsa lau," in ji Sufeto. "An taɓa gyara shi?"

"Ko sau ɗaya. Yadda na sayo shi, haka yake."

Matar ta buɗe baki. Mijin ya harare ta, ta sunkuyar da kai.

Sufeto ya zare filogi, ya jawo firij ɗin ya leƙa bayansa. An yanke koriyar waya, wadda ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle daga inji. An naɗe bakinta, ba da salatif ba, da tsinken robar tiyub ɗin keke. A jikin wata waya da aka haɗa kuma, ga sawun haƙora. Ya yanko su ya sa a leda.

Bayan azahar ya dawo, ya sa aka kira masa matar ita kaɗai.

"Mijinki ƙarya ya yi mini. Idan kika yi shiru, ke za ki ɗauki ran yarinyar nan a kanki har ki mutu. Wa ya taɓa firij ɗin?"

Ta dube shi, ta ce:

"Makon jiya ya riƙa kashe wutar gidan. Da an kunna shi sai ta ɗauke, ƙanƙara ta narke. Maigidan ya kira ƙanensa, Baffan yara, mai gyaran kayan wuta. Ɗazu maigidan ya ce in na ambace shi na raba zumunci."

Shagon ƙanen wata 'yar rumfa ce cike da matattun rediyo da fankoki. Sufeto ya same shi zaune da dutsen guga a cinya.

"Sannu da aiki, mai gyara. Ya haƙuri?"

"Sai godiya, Yallaɓai. Yanzun nan zan rufe in koma wajen makoki."

"Ka gyara firij ɗin yayanka?"

"Ni? Firij ai ya fi ƙarfina. Ni da rediyo muka saba, shi ma sai ya ga dama yake magana."

"To, ƙarasa aikinka, ina jira."

Mai gyara ya ɗauki wayar dutsen gugan. Ga filaya a gabansa, bai ko dube ta ba. Ya sa wayar a baki, ya fige robar da haƙori ya tofar. Sannan ya miƙa hannu jikin ƙusa, ya jawo tsinken tiyub ya hau naɗi.

Sufeto ya tsinci abin da mai gyaran ya tofar, ya ajiye kusa da na cikin leda. Sawun iri ɗaya, har da gurbin karyayyen haƙorinsa na gaba.

"Me ya sa ka yanke koriyar waya?"

Mai gyara ya ajiye dutsen gugan.

"Injin ne ke zubar da wuta a jikin ƙarfe, Yallaɓai. Ban iya gyaran inji ba, kuma na ji kunyar in faɗa wa Yaya. Na san in na yanke ta, wutar gidan za ta daina ɗaukewa. Wallahi na zaci ɗan ja kawai zai riƙa yi."

"Ka san yana ja, ka tafi ba ka gargaɗi kowa ba. Doka ba ta kiran wannan tsautsayi. Sakaci ne da ya jawo rasa rai, kuma wanda ya yi gyaran shi zai amsa a gaban alƙali."

Ya sa masa ankwa.

A ƙofar caji ofis suka tarar da mijin da matar. Mijin ya sha gaban Sufeto.

"Yallaɓai, a bari mu sasanta a gida. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

"Kai ma shigo. Akwai maganar ƙaryar da ka yi wa hukuma."

Matar ta matso gaban ƙanen mijinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar da ka gama gyaran, Auta ce ta buɗe firij ɗin nan ta kawo maka ruwa. Ka sha, ka ce Allah ya raya ta."

Ya kasa ɗaga kai. Aka wuce da shi ciki.

Ta juyo wajen mijinta. A hannunta akwai ƙananan silifas ɗin.

"Ka gaya wa danginka kar su wahalar da kansu. Wannan kaɗai zan ɗauka daga gidanka."